Ranar Da Kifayena Suka Yi Rigingine

Wata yarinya ta rubuto min a ƙarƙashin rubutuna na makon jiya, wai, "Kaka, ke ma ashe?" har da 'yar fuskar nan mai hawayen dariya. Na gani, yarinya. Ni ma ashe. Ki yi dariyarki ki more, Allah ya kai ki shekara sittin da uku da haƙoranki a baki, sannan ki zo mu zauna. Ni ce dai wadda take ƙwace wayar 'ya'yanta mata in ta ji ta cika ƙara. Yau ga tawa a ƙarƙashin matashi, ko motsi ta yi sai gabana ya faɗi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wanda bai san farkon zancen ba, ya matso. Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana. Ya bar min gida mai ɗaki uku, da 'ya'ya huɗu, da wani akwatin gilashi a falo cike da ruwa da kifayen ado. Da ransa na sha yi masa gori a kansu. Kifin da ba a soyawa, ba a sa shi a miya, sai dai shi ya ci naka? Bayan ya tafi, sai ga ni ina tashi daga kan keken ɗinkina ina zuwa gabansu ina ba su labarin wunina. Har suna na sa musu. Akwai Amarya mai dogon wutsiya kamar mayafi, akwai Ɗan Sanda, baƙin nan da ba ya barin kowa ya huta, akwai Mai Shara da ke manne da gilashi yana lashe datti, sai wasu jajaye guda biyar da nake kira 'Yan Makaranta.

Sai kuma Mai Gyara. Shagonsa na bakin layinmu, cike da rediyo da fanka da dutsen guga da matattun wayoyin mutane. Shi ma matarsa ta riga mu gidan gaskiya. Shi ke gyara min keken ɗinki tun ina da ƙarfin taka shi wuni guda. Sau uku ya yi min maganar aure, sau uku ina ce masa ya ji tsoron Allah, jikokina tara. Kowane karo sai ya yi murmushi ya ce, "To, Maƙwabciya, na ji. Tsohuwar zuma dai da ita ake magani."

Wata biyu da suka wuce na zame a banɗaki, ƙashin ƙuguna ya tsage. Daga asibiti babban ɗana ya zarce da ni gidansa. Ba zan ci haƙƙin Babba ba, ya yi min gata. Ɗaki mai labule ruwan toka, katifa mai kaurin da in ka hau sai ka nemi kanka ka rasa, ga talabijin a bango, ga ƙararrawa a gefen gado in na danna a zo. Matarsa kuwa 'yar albarka ce, ko ƙafata ba ta ƙyamar wankewa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mabuɗin gidana na hannun Mai Gyara don ya riƙa ba kifaye abinci, ni kuma ina nan kwance ina ƙirga furannin labule.

Likitar ƙashi ta ce ƙashi ya haɗe, in tashi in taka. Suka kawo min sandar ƙarfen nan mai ƙafa huɗu. Sau ɗaya na gwada, na ji ƙasa tana guduwa daga ƙarƙashina kamar ranar da na faɗi, na koma na kwanta. Ban sake ba. Sandar ta zama wurin shanya tawul. In an yi min magana in ce ciwo nake ji. Ƙarya nake, tsoro ne. Ni da nake cewa yara tsoro ba ya hana mutuwa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Wata ranar Laraba da hantsi matar Babba ta leƙo tana danne dariya.

"Mama, kin yi baƙo. Ya sha farar riga har da guga."

"Wane baƙo?"

"Wanda kika sani."

"Ke, ki kiyaye ni. Miƙo min ɗankwalina mai ruwan goro. Ba wannan ba, wancan na ƙasa."

Mai Gyara ya shigo da sallama, ya zauna can bakin ƙofa a kan kujerar roba, ya ɗora wata jakar leda a cinya. Bayan gaisuwa ya zaro kwalbar zuma, babu zuma a ciki, sai wani ɗan abu baƙi kamar ƙwayar wake da siririyar igiyar wuta ta fito ta murfin.

Na ce, "Dubiya da kwalba babu komai? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

"Ido na kawo miki, Maƙwabciya."

"Nawa biyu sun ishe ni."

"Sun kai gidanki daga nan?"

Na hau gyaran ɗankwalina. Shi kuwa ya gyara zama, don in dai zancen aikinsa ne, ko gobara ake yi sai ya kai aya. Wai ɗan abin nan kyamara ce, daga goshin wata matacciyar kwamfuta ya ɓanɓaro ta. Ya huda murfin kwalbar da ƙusa mai zafi, ya zura igiyar, ya toshe ramin da gam ɗin da ake haɗa gilashin taga. Ta farko da ya yi, da ya tsoma ta a bokiti sai ta taso tana yawo a saman ruwa kamar gora. Ya zuba mata notunan ƙarfe a gindi, ta nutse har wuya ta zauna. Ta biyu kuma cikinta ya yi gumi, hoto ya zama hazo. Sai ya bi shagunan takalma yana roƙon 'yan ƙulle-ƙullen nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, masu shanye laima, ya jefa uku a ciki.

"Kwana huɗu na bar ta a bokiti," in ji shi, "na sa auduga a ciki. Da safe in buɗe in taɓa. Ko raɓa ba ta shiga ba."

"Kuma wutar ba za ta kashe min su ba?"

"Murfin yana saman ruwa, igiyar ba ta jiƙa. Wutar da ke cikinta ko sauro ba za ta kashe ba. Tana haɗe da wata tsohuwar waya a kan teburinki, ita za ta riƙa turo miki su."

"Kai dai ba ka da aikin yi."

"Ina da shi. Shi nake yi."

Matar Babba ta yi tari, ta fita ɗauko ruwan da babu wanda ya ce ta kawo.

Washegari da safe saƙo ya shigo: "Danna koren." Na danna. Jama'a, gani ya kori ji. Sai ga Amarya ta taho daidai fuskata tana jan mayafinta, bakinta na buɗewa yana rufewa kamar za ta gaishe ni. Ɗan Sanda ya biyo ta a guje. Shekara bakwai ina kallonsu daga waje, ban taɓa ganinsu daga cikin ruwa ba, ido cikin ido. Ashe Ɗan Sanda duk fitinarsa, in ya zaci babu mai kallo, gefen Mai Shara yake zuwa ya lafe. Na ja bargo na rufe fuskata na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Tun daga ranar, ƙarfe bakwai na safe abinci zai sauko daga sama kamar yayyafi, in san ya iso. Sai saƙonsa ya biyo: "Kowa ya ci. Ɗan Sanda ya ci na mutum biyu." Ni kuma in rubuta: "Kamar wani da na sani." Iyakarta ke nan. Amma ku da kuka san so, kun san iyakarta ba ta da iyaka.

Abu biyu ne suka fara damuna. Na farko, ya daina rubutu, ya koma turo murya, gajeriya, kamar mai sauri. Na biyu, tun da na kwanta bai sake tayar da maganar nan ba. Ni da na kore shi sau uku, ni ce nake jiran ta huɗu kamar mai jiran ruwan farko. Na ce a raina, ai shi ke nan, ya ga na zama gurguwa. Wa zai ɗauki tsohuwar da sai an ɗaga ta? Ban tambaye shi ba. Girman kai rawanin tsiya.

Ana haka, ranar Lahadi da yamma Babba ya shigo da rigar shan iska, ya zauna a bakin gado, yana juya mabuɗin motarsa a yatsa. In ya yi haka, ya riga ya yanke hukunci, sanarwa kawai ya kawo.

"Mama, mun yi magana da ƙannena."

"Kun yi magana. Madalla. Ni kuma kun bar min sauraro."

"Ba haka ba ne. Wata biyu ko ƙofar ɗakin nan ba ki taka ba. Yaya za ki zauna ke kaɗai? Nan ne gidanki yanzu. Wancan za a rufe shi, kifayen akwai abokina da ke so."

"Abokinka."

"Kuma mutumin nan, ranar Asabar zan je in karɓi mabuɗi. Mama, mutane suna magana. Kullum yana shiga gidan babanmu kamar nasa. Da girmanki, da jikokinki."

Na so in ce masa ni na yi wankan jegonsa... na so in ce masa abubuwa da yawa. Amma da wane baki? Ga sanda can da tawul a kanta tana ba da shaida a kaina. Na juya fuskata bango na ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya san irin wannan albarkar, ya tashi sumui-sumui ya fita.

Auta ta turo min saƙo daga garin da take aure: "Mama ki yi haƙuri, Yaya don ke yake yi. Kuma fisabilillahi aure a shekarunki? Me zan ce wa dangin mijina?" Na karanta sau biyu. Yarinyar da na tsaya mata ta auri wanda take so lokacin da gidan duka suka ƙi. Na kife wayar a kan katifa.

Ranar Juma'a, saura kwana ɗaya, Mai Gyara ya turo murya wai zai fitar da kwalbar ya goge ta ciki da waje, gansakuka ta fara rufe ta. Ranar Asabar na idar da sallar asuba a zaune, gari ya yi haske, na danna koren.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Amarya ce ta fara wucewa, cikinta a sama, bayanta a ƙasa. Sai 'Yan Makaranta, su biyar, duk a rigingine. Sai Ɗan Sanda, shi ma. Duk wanda ya taɓa kiwon kifi ya san ma'anar wannan. Kifi ba ya nuna wa sama cikinsa sai ajali ya zo. Suna motsi, amma na san motsin, na taɓa ganin ɗaya ya yi shi kwana guda kafin in kwashe shi da cokali. Amma duka a safiya ɗaya? Guba ce. Ko gam ɗin nan ya narke a ruwa, ko wutar da aka ce ko sauro ba ta kashewa.

Na kira Mai Gyara, wayar tana ta ƙara bai ɗauka ba. Na sake, shiru. Na danna murya na ce, "Ka kashe min su! Amanar da na ba ka ke nan? Da kwalbarka da tarkacenka! Allah ya isa tsakanina da..." Na saki, ta tafi. Baki shi ke yanka wuya.

Ban danna ƙararrawa ba. Wallahi ban san lokacin da na fizge tawul na yar ba. Na dai tsinci kaina a tsakiyar falon Babba, hannuwana biyu a kan ƙarfe, zanina a karkace, ɗankwali a kafaɗa. Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta daskare.

"Mama! Kina tafiya!"

"Ba tafiya nake ba, mutuwa ake yi a gidana. Ina mijinki?"

"Ya fita tun ɗazu, ya ce zai biya wani wuri kafin ya je karɓar mabuɗin."

"Ɗauko motarki."

"Mama, ko hijabi..."

"Ɗauko shi a hanya!"

Taku goma sha tara ne daga falon zuwa mota, na ƙirga su, kowanne da salatinsa. A hanya ina ta faɗa, ita tana ta ba ni haƙuri tana tuƙi. Da muka shiga layinmu na ga shagonsa a rufe, ƙofar gidana a buɗe. Matakala biyu ce a ƙofar, na hau su ban ma gaishe su ba.

Mai Gyara na tsaye a falo da 'yar robar abincin kifi a hannu. Ga akwatin gilashi a bayansa, ruwa garau, injin iska na ta kumfarsa. Ga Amarya tana yawonta daidai, baya a sama, ciki a ƙasa, kamar yadda Allah ya halicce ta. Ɗan Sanda na bin 'Yan Makaranta da gudu. Babu wanda ko atishawa ya yi.

Na dubi akwatin, na dubi wayata. A waya suna rigingine. A gabana suna lafiya.

Matar Babba ta karɓi wayar ta ƙura mata ido, sai ta toshe baki. "Mama, dubi kumfar. Ƙasa take yi. Ina kika taɓa ganin kumfa tana nutsewa?" Ta juya wayar kai a ƙasa, sai ga kowa ya miƙe. Ta zube a kan kujera tana dariya har da riƙe ciki.

Ni ban yi dariya ba, don shi bai yi ba.

"A kife na mayar da kyamarar?" ya tambaya a hankali.

"A kife. Kai da kake gyara agogon hannu. Ba ka duba wayar teburin ba da ka gama?"

"Na duba."

"To?"

Ya ajiye robar. Ya laluba bayansa ya nemo hannun kujera kafin ya zauna, a ɗakin da ya shekara ashirin yana shiga. A nan na gane akwai magana.

"Na duba, Maƙwabciya. Na ga ja yana wucewa, na ga baƙi yana wucewa, na ce to, tana aiki. Akwai ɗan ɗigo a jikinta da ke nuna sama. Da na haɗa ta ina ganinsa da ƙyar. Jiya na neme shi na rasa." Ya murza yatsunsa. "Yanar ido ce ta rufe min na dama tun bara. Yanzu ta kama na hagu. Da hannu nake aiki, yatsuna sun san hanya. Wayata ma in ta yi ƙara, kafin in gano inda ake dannawa ta katse."

"Shi ya sa ka daina rubutu."

"Shi ya sa."

"Shi ya sa kuma ka daina..." Na kasa ƙarasawa. Shekara sittin da uku, harshena ya naɗe kamar na 'yar sha shida.

"Da ina da abin da zan kawo miki," in ji shi. "Yanzu me zan kawo? Ki gama jinyar ƙafa ki fara jan makaho?"

Matar Babba ta daina dariya. Ta tashi ta shiga kicin ɗina, na ji tana buɗe famfo ba gaira ba dalili.

Na ce, "Amma kai dai an yi tsohon banza. Yanar ido da ake cirewa a wuni ɗaya mutum ya koma gida? Kana gyara na kowa, naka ya gagare ka kai wa masu gyara?"

"Tsoro nake ji. A sa min wuƙa a ido?"

"Tsoro ba ya hana..." Sai na dubi ƙarfen da nake riƙe da shi, na haɗiye sauran. "Akwai wani saƙo da na turo maka ɗazu. Kada ka saurara."

"Ai sai kin nuna min inda yake."

"To ba zan nuna ba."

Muna haka muka ji tsayuwar mota. Babba ya shigo da sallama a bakinsa, bai ƙarasa ta ba. Ya dube ni a tsaye a tsakiyar falona, ya dubi sandar, ya dubi ƙafafuna da silifas wari da wari.

"Mama... wa ya ɗauko ki?"

"Ƙafata."

Na ga idonsa ya kawo ruwa, ya yi maza ya kau da kai. Ɗana ne, na san ya yi murna. Amma namiji in ya ɗauko magana daga gida, sai ya sauke ta ko ta yi masa nauyi. Ya juya wajen Mai Gyara ya ce, "Baba, mun gode da ɗawainiya. Mabuɗin na zo karɓa."

Bawan Allah ya sa hannu a aljihu ya zaro shi, ya miƙa. Ya miƙa shi ɗan gefe, inda babu kowa.

Na ce, "Mayar da shi aljihunka."

"Mama."

"Gidan nan ubanka ya bar ni a ciki, bai ce in fita ba. Ka ce ba na tafiya, ga ni. Ka ce mutane suna magana, to za mu rufe musu baki ta hanyar da Allah ya halatta. Ranar Litinin za ka ɗauki mutumin nan a motarka ka kai shi asibitin ido. In an buɗe masa ido ya dube ni da kyau, ya ga furfurar da tamojin, bai gudu ba, sai ka je ka gaya wa kawunka akwai masu zuwa wurinsa da magana."

Babba ya matso kusa da ni.

"Mama, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Tun kafin a haife ka nake sanin abin da nake faɗa."

Mai Gyara ya ce, "Maƙwabciya, ban fa tambaya ba."

"Sau uku ka tambaya. Amsar ce ta yi latti."

Babba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya fita tsakar gida da waya a kunne, na ji yana cewa, "Haɗa ni da Auta, ku duka ku hau layi yanzu." Kafin minti biyar tawa wayar ta fara rawa a kan tebur, kira na katsewa wani na shigowa. Na san abin da ke cikinta, kuma na san yaƙin bai ƙare ba, yanzu ma aka ɗaura ɗamara.

Ban ɗauka ba, hannuna a jiƙe yake. Na zauna a kujerar ɗinkina na riƙe masa kwalbar, ya buɗe murfin, ya zura yatsu biyu ya kama 'yar ƙwayar waken nan. Matar Babba ta tsaya a kanmu da wayar tebur tana nuna min.

"Juya," na ce. "Ƙara. Ba can ba, hagunka. Ƙara kaɗan."

"Nan?"

"Tsaya nan. Kada ka motsa."